Zubin Babban Kumbo da Fiba da Jelkot a Zafin Tawa

Tambayar daga Tawa ta zo. Wani matashi ne ya ƙera samfurin kumbon sama jannati irin na finafinan almarar kimiyya, tsawonsa mita 1 da santimita 20. Jikin katako ne da farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake sako firiji a ciki, ya shafe shi da mastik, kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Yana son ya riƙa fitar da kwafi na fiba (zaren gilashi da ake jiƙawa da rezin, ruwan roba mai daskarewa) da jelkot (shafin da ke zama fuskar waje), ya sayar gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da hannunsa. Ya gwada a kan fiffike ɗaya, sai rezin ya daskare masa a kofi tun bai kai rabin aiki ba, fuskar jelkot ta yamutse, mulu kuma, wato mazubin da ake fitar da kwafi daga cikinsa, ya kama fiffiken ya ƙi saki. Yana tambaya ko kayan jabu aka sayar masa, kuma ta ina zai ɓullo wa babban jikin.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Wanda ya iya tsayawa ya sassaƙa abu mai tsawon fiye da mita har ya yi kyan gani, ragowar aikin ba zai gagare shi ba. Amma ka cire batun jabu daga ranka tukuna. Matsaloli ukun da ka lissafa, biyu daga ciki zafin ƙasarmu ne ya jawo su, ta ukun kuma gaggawa ce.

Rezin ɗin da muke aiki da shi a nan Yamai, wanda masu gyaran bambar mota da tankin ruwa suke saye, foliyesta ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin gwangwanin, ko ma fiye, wani ruwa ne mai suna sitiren, shi ne mai warin nan da ke hawa kai. Idan ka ɗiga katalizar, wato MEKP, maganin da ke sa rezin ya daskare, sai ƙwayoyin rezin da sitiren su fara sarƙewa da juna, suna yi suna fitar da zafi. Zafin da suka fitar kuma shi ke ƙara musu sauri. Umarnin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, inda kashi 2 cikin 100 na katalizar ke ba mutum minti 15 zuwa 20 kafin rezin ya fara kauri. A ƙiyasin masu sana'a, duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin wannan lokaci. To ka lissafa da kanka: Tawa a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, kai kuma kana ƙarƙashin rufin kwano da azahar. Minti biyar ma da ƙyar. In kuma ka dama rabin kilo a kofi mai zurfi, zafin ba shi da hanyar fita, har hayaƙi za ka ga yana yi, kofin roba ya narke.

Abin da mutane suke yi da sun ga haka shi ne su rage katalizar sosai, su ce ai ɗigo biyu ya isa. A nan ake faɗawa rami na biyu. Ƙasa da kashi 1 cikin 100, rezin zai yi tauri a ido amma bai nuna ba har ciki, bayan wata biyu sai ka ga fiffike ya lanƙwashe da kansa. Don haka lokacin aiki za ka sauya, ma'auni ya tsaya inda yake. Ka fara bayan sallar asuba, ka tashi kafin rana ta ɗaga. Ka dama kaɗan-kaɗan, giram 100 zuwa 150 a lokaci guda, a faranti mai faɗi wanda zafi zai iya fita. Gwangwanin ya kwana a ɗaki mafi sanyi a gidan, ko ka tsoma gindinsa a bokitin ruwan randa, amma ka kula ko ɗigon ruwa kada ya shiga ciki, domin ruwa yana hana foliyesta nuna. Sikeli na lantarki ƙarami da sirinji na kyamis su ne kayan aikinka na farko: giram 100 na rezin, mililita 1 na katalizar a lokacin zafi, 2 a lokacin sanyi. Auna da murfin kwalba ko da ido ba ya cikin wannan sana'a.

Da a ce ni ne, babban jikin sai na jira Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai hunturu ma da nasa sharaɗin. Da asubar Janairu sanyi kan sauka kusa da digiri 15, inda rezin ke yin nawa, to a lokacin hantsi ya fi. Ga ƙura, wadda in ta sauka a kan mulun da ka goge, kowace ƙwaya sai ta fito a fuskar kwafi. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki, ka rufe mulu da leda duk lokacin da hannunka ba ya kai. A watan Agusta kuma laima ce abin tsoro: tabarmar fiba tana shan danshi, in ka yi aiki da ita a haka sai ka ga fari-fari a cikin zubin. A leda ɗaurarriya ake ajiye ta.

Yanzu yamutsewar jelkot, wadda ita ce ta fi cin ran sabon hannu.

Jelkot rezin ne shi ma, an dai ƙara masa launi da abin da ke sa shi ya tsaya a jikin bango bai zubo ba. Shi ne fuskar abin da za ka fitar, don haka shi ake fara shafawa a cikin mulu, fiba ta biyo baya. Kaurin da ake nema kusan rabin milimita ne, tsakanin 0.4 da 0.6, wato giram 500 zuwa 600 a kowace murabba'in mita. Hannun da ya saba da fenti yakan ja buroshi ya baza shi siriri don ya yi kyau. Siririn jelkot kuwa sitiren ɗinsa yana tsere wa iska kafin ya gama nuna, musamman a busasshiyar iska mai zafi irin ta Adar, yankinku na Tawa. Sai ka zo ka ɗora rezin na fiba a kansa, sitiren ɗin sabon rezin ya jiƙa shi, ya kumbura, ya tattare. Abin da ya sami fiffikenka ke nan, ko kuma ka ɗora fiba tun bai kai ba.

Ka auna jelkot ɗin da faɗin wurin yake buƙata tun kafin ka fara, ka tabbata ya ƙare a kan wurin. Shimfiɗa shi ake yi da buroshi mai laushi, a ja hannu gefe ɗaya, ba a komawa ana gogawa. Katalizar ɗinsa kada ya gaza kashi 1.5. Kada ka sirka shi da aseton ko tina don ya yi saukin shafawa. Sannan ka jira. Gwajin da yatsa ake yi, a bakin mulu inda za a yanke daga baya: in ka taɓa ka ji yana ɗan kama yatsa amma launi bai biyo ba, ya kai. In launi ya biyo, da saura. Wurare masu zurfi su ne ke makara, saboda tururin sitiren ya fi iska nauyi, yana kwanciya a cikin rami ya hana fuskar nuna. Ka karkata mulun a gefensa, ko ka sa fanka ta busa daga nesa. Kada kuma ka bar shi ya kwana biyu babu fiba a bayansa, zai ja jiki ya saki mulu da kansa. Wannan ɗan danƙon da kake ji a bayansa ba aibi ba ne, iska ce ke hana fuskar waje bushewa, kuma shi ne ke sa fiba ta kama shi da kyau.

Kumbo irin naka ba kamar tankin ruwa ba ne, cike yake da kusurwoyi da layuka da ƴan ramuka. Tabarmar fiba ba ta shiga kusurwa mai kaifi, sai ta yi gada a kai ta bar iska a ƙasa. Ranar da ka fitar da kwafi, yatsa kawai za ka danna jelkot ya fashe a wurin. Maganinsa, bayan jelkot ya kai, ka dama rezin da hodar talk ko garin silika da ƴan guntayen zaren fiba da ka yanka da almakashi, har ya yi kaurin da zai tsaya a kan cokali. Ka cike duk kusurwa da shi, ka mayar da ita mai lanƙwasa. Tun yana ɗanye ka ɗora siririn mayafin fiba mai nauyin giram 30 a kowace murabba'in mita, in ka samu, domin yana hana zanen zare bayyana a fuska. Daga nan tabarma mai giram 300, hawa biyu. Mai giram 450 ta yi tauri ga irin waɗannan lunguna, ka bar ta wa mulu. Ka yayyage ta da hannu maimakon almakashi, bakin da aka yaga ya fi narkewa cikin ɗan'uwansa. Rezin a fara shafawa, a ɗora tabarma, sannan a riƙa dannawa da kan buroshi kamar mai daɓen ɗaki, ba a ja. Ka ba ta minti ɗaya, ɗaurin da ke riƙe zaren zai narke a cikin sitiren, ta yi laushi ta bi siffa. Duk inda ka ga fari, iska ce ko ƙarancin rezin. Duk inda rezin ya taru ya yi tafki, nauyi ne na banza, kuma nan ne zai yi zafi ya ja fuskar ta lotsa.

Lissafin mai sauƙi ne: nauyin rezin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin tabarma. In faɗin jikin kumbon duka ya kai murabba'in mita ɗaya, kana buƙatar jelkot wajen giram 600, tabarma giram 600, rezin kilo ɗaya da rabi. Kwafin bai kai kilo uku ba. Na kawo wannan ne saboda wasu kan ce me zai hana a cika mulu da rezin a huta. Lita ɗaya ta rezin ta fi kilo ɗaya nauyi, jiki mai cin lita 30 zai haura kilo 30, kuma tun kafin ka ɗaga shi zafin nunarsa ya tsattsaga shi. Babban abu ɓawo ake yi masa. Ƙarfin fiba a siffa yake.

Sai maganar mulun da ya ƙi saki, kuma a nan nake son ka fi daɗewa, don samfurinka guda ɗaya ne, in ya lalace babu wani.

Farin soson nan folistiren ne, sitiren kuma narkar da shi yake yi nan take. Mastik na mota ma foliyesta ne, ina zaton ka ga yadda ya ɗan cinye soson lokacin da kake shafawa. Ko ƙofar allura ce ta rage a jikin samfurin, rezin zai bi ta ciki ya rarake shi. Ka bi shi kaf da farin gam na kafinta da takarda hawa-hawa duk inda soso yake kusa da fuska, ko ka rufe da efoksi, wani irin rezin daban wanda ba ya cin soso. Bayan haka fenti na share fage irin na mota, mai haɗi biyu, ka bar shi ya bushe sosai na kwanaki. Fentin gwangwanin fesawa da ɗanyen fentin mai duka sitiren yana tayar da su, su manne da mulu. Sannan samfefa da ruwa, daga mai lamba 400 zuwa 800 zuwa 1200 mafi laushi. Duk ƙarcen da ka bari, mulu zai ɗauka, ya kuma raba wa kowane kwafi.

Kakin mulu ake shafawa, wanda aka yi don wannan aiki, ba man goge takalmi ba, ba kuma man goge mota mai silikon ba, wanda ke sa jelkot ya tsattsage ya yi idanu. Shafa biyar ko shida, kowanne a bar shi ya sha iska a goge da tsumma mai laushi kafin na gaba. A kan sabon samfuri da sabon mulu ka ƙara da ruwan PVA, mai launin shuɗi ko kore, wanda ke bushewa ya zama siririyar fata. Ruwa yana narkar da ita, don haka in abu ya ƙi fita sai ka buɗe baki kaɗan ka tsiyaya ruwa, ka jira. Da ƴan tsinken katako ko na roba ake buɗewa, a zagaya a hankali. Sukudireba ba ta kusantar mulu.

Wani lokacin kuma ba mannewa ba ce, kullewa ce. Foliyesta yana tsukewa in ya nuna, mulun da aka yi a kan abu sai ya ƙara damƙe shi. In bangon ya miƙe sak, ko akwai wurin da ya faɗaɗa daga ciki, ko ka shafa kaki sau ashirin ba zai fito ba. Kowane bango yana son ɗan karkata na digiri 2 ko 3 zuwa wajen fita. In ka shigo Yamai ka je kasuwar Katako wajen masu zuba tukwanen alminiyam, ka tsaya ka ga inda suke raba akwatin yashinsu biyu da dalilin da ya sa suke raba shi a nan. Kallon rabin awa zai koya maka abin da rubutu ba zai koya ba. Ka zauna da samfurinka da alli, ka ja layi a inda jikin ya fi faɗi, sama da ƙasa. Fikafikai, injuna da hasumiya kowanne da mulunsa. Tun da ma a gunduwa za ka sayar, wannan ya zo maka daidai.

A kan layin sai ka kafa katanga ta kwali mai santsi ko siririn katako, faɗin santimita 5 zuwa 7, ka toshe tsakaninta da jiki da yumɓun yara. Ka manna ƴan ƙulluka a kanta, su ne za su zama makullin da ke mayar da rabi biyu wurinsu daidai. Ka gama rabi na farko, ka cire katangar, ka shafa kaki da PVA a kan leɓen da ya fito, sannan ka yi na biyu. Ramukan noti ka huda su tun ba ka raba ba. Jelkot na mulu ya bambanta launi da na kwafi, baƙi ga mulu, toka ko fari ga kwafi, don idonka ya ga inda shafi ya yi siriri. Kaurin mulu ya ninka na kwafi sau biyu ko uku, amma kada ka ɗora fiye da hawa biyu a zama ɗaya, ka bari ya huce. A bayansa ka ɗaure haƙarƙarin katako ko bututun ƙarfe da fiba, ka yi masa ƙafafu. Ka bar shi a kan samfurin kwanaki kafin ka buɗe. Mulun da aka cire ɗanye yana murɗewa, daga nan kuma rabi biyu ba za su sake haɗuwa ba.

Ƴan ƙananan kayan ado, bututu, eriya, bakin injin, kada ka wahalar da fiba a kansu. Mulun silikon da rezin na zubi suka fi dacewa da su. Silikon yana da tsada kuma sitiren yana gajiyar da shi, don haka a ƙananan abubuwa kawai zan kashe kuɗinsa.

Kwafi ya kwana a mulu. Akwai ɗan lokaci bayan rezin ya kama, yana kamar fata bai yi ƙarfi ba, a nan ne wuƙa mai kaifi ke yanke rarar baki cikin sauƙi. In ka bari ya wuce, sai zarto da ƙura. Wajen haɗa sama da ƙasa, ka kankare bakin ciki da samfefa mai kaushi, ka ɗaure rabi biyun, ka bi ɗinkin ta ciki da ɗamarar tabarma ta wata ƙofa da ka bari, a ƙarƙashi ko a mazaunin injin. Tsagin da ya rage a waje ka cike da jelkot ka rufe da selotef, in ba haka ba iska za ta bar shi da danƙo. Kuma tun kafin ka rufe jikin ka sa masa ƙashi: bangaye biyu ko uku na katako a ciki, da bututun ƙarfe da zai ratsa daga jiki zuwa cikin fikafikai, da wurin da sandar tsayawa za ta shiga. Rezin na gama-gari yana fara laushi tun wajen digiri 60 zuwa 70, abu mai duhun fenti kuwa in ya wuni a ranar bazara ko a cikin rufaffiyar mota yana iya kaiwa can. Dogon fiffike marar ƙarfe sai ya sunkuya. In za a sa fitilu, a shafe ciki da baƙin fenti sannan fari, domin ɓawon fiba yana fitar da haske ta inda ba a so. Kafin fenti na waje a wanke kakin da sabulu da ruwa, a bi da samfefa 400.

Wajen saye, ka sa a buɗe maka gwangwani. Rezin ba ya wuce wata uku zuwa shida ko a wuri mai sanyi, a shagon kwano kuwa bai kai haka ba. In ya yi kauri ko ka ga gudaji, bar shi. Tafiyar Yamai zuwa Tawa ta fi kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wuni guda a saman mota cikin rana yana rage masa kwana. Ka saye daidai aikin wata ɗaya, a sa shi a inuwa, katalizar kuma a ƙulle shi daban. Kowane sabon gwangwani ka gwada giram 50 da agogo a hannu kafin ka taɓa mulu. Ka kuma tambaya ko an riga an sa masa kobal, maganin da ke ba shi ɗan launin ja-ja ko shuɗi-shuɗi. In an ba ka kobal a kwalba daban, a cikin rezin ake fara dama shi sosai, sannan katalizar. Su biyun in suka haɗu kai tsaye wuta suke yi, har da fashewa.

Katalizar ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum, don haka tabarau dole ne, da bokitin ruwa mai tsabta kusa. In tsautsayi ya faru, a wanke da ruwa minti 15 a tafi asibiti. Takunkumin tsumma ko rawani ba ya tare sitiren, sai mai gwangwanin gawayi, kuma a rumfa mai iska ake aikin, ba a ɗakin kwana ba. Aseton na wanke buroshi ne, ba na wanke hannu ba, ka sa safar hannu. In abokan fada za su zo kallo, murhun shayi da taba su tsaya can nesa. Ragowar rezin da ke zafi a kofi a kai shi waje kan yashi, ba cikin shara mai takarda da tsumma ba. Ƙaiƙayin fiba kuma ruwan sanyi ake fara sa masa, kada a sosa.

Tun da sayarwa za ka yi, ka tsaya a kan zanenka na kanka. Kumbon da aka kwaso daga fim yana da masu shi, kuma ranar da kasuwarka ta fita intanet za su iya tare ka.

Kada ka taɓa babban jikin yanzu. Ka gyara fiffiken nan da ya lalace, ka sake yi masa mulu, ka fitar da kwafi uku a jere masu tsabta. Kowane zubi ka rubuta awa, da zafin wurin, da giram, da mililita, da mintin da ya ɗauka kafin ya kama. In na ukun ya fito, ka turo mini hotonsa ta fuska da ta baya, da hoton jikin kumbon daga sama da gefe, mu duba inda layin rabo zai bi.